Rigatar Yauri da Gasar Olamfik: Matuƙan da Ba a Taɓa Gwada Su Ba

Gasar Olamfik da aka gudanar a birnin Paris daga 26 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta 2024 ta ƙare ba tare da Najeriya ta samu lambar yabo ko ɗaya ba, duk da cewa ƙasar ta tura 'yan wasa 88 a fannoni 12, kuma rabon da a dawo hannu rabbana irin haka tun gasar Landan ta 2012. Amurka da Sin sun tashi da lambobin zinare arba'in-arba'in, Kenya ta kwashi lambobi 11, Letsile Tebogo ya ciyo wa Botswana zinarenta na farko a tseren mita 200, yayin da Julien Alfred ta ɗauki zinaren mita 100 ta kai wa tsibirin Saint Lucia, wanda mutanensa gaba ɗaya ba su kai dubu ɗari biyu ba. Abin da Najeriya ta tsira da shi bai wuce bajintar 'yan matan ƙwallon kwando na D'Tigress ba, waɗanda a ƙarƙashin mai horarwa Rena Wakama suka doke Ostareliya da Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Sai Ese Brume da ta zo ta biyar a dogon tsalle, da Favour Ofili da ta zo ta shida a mita 200 bayan sakacin jami'ai ya hana ta shiga tseren mita 100. 'Yan wasa masu buƙata ta musamman ne suka wanke wa ƙasar fuska makonni kaɗan bayan haka, da lambobi bakwai, biyu daga ciki na zinare.

Tun daga lokacin an samu wasu sauye-sauye. A watan Oktoba 2024 gwamnatin tarayya ta rushe ma'aikatar wasanni, ta maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa a ƙarƙashin Shehu Dikko. A Agusta 2025 D'Tigress suka ci kofin Afirka karo na biyar a jere a Abidjan. A Satumba kuma Tobi Amusan ta samu azurfa a tseren tsallake shinge na mita 100 a gasar duniya da aka yi a Tokyo. Sai dai duk muhawarar da ta biyo bayan Paris ta tsaya ne a kan guje-guje da kokawa da dambe da ƙwallo, wato fannonin da aka saba, kuma da wuya a ji wanda ya tambayi dalilin da ya sa ƙasar da kogunan Kwara da Binuwai suka ratsa, mai tafkuna da gaɓar teku, ba ta taɓa samun ko tagulla a wasannin ruwa ba. Cikin lambobi 27 da Najeriya ta tara tun fara halartarta a Helsinki a 1952, babu ɗaya da ta fito daga ninƙaya ko tseren kwale-kwale, alhali waɗannan fannoni na cikin mafi yawan lambobi a gasar. Wurin da wannan tambaya ta fi dacewa a yi ta shi ne masarautar Yauri da ke kudancin Jihar Kebbi.

Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, kuma rayuwar akasarin mutanenta a ɗaure take da kogin Kwara tun kafin a san da wata madatsa. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, sun zauna a tsibiran tsakiyar kogin suna noman albasa da gero da shinkafa, suna kuma su. Sarkawa, masuntan da asalinsu ke komawa ƙasar Kabi, sun bazu a gaɓar ruwan da tarunansu. Ga kuma Kambari da Shangawa da Lopawa da Hausawan Yelwa da Bin Yauri. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka sake wa mutane kimanin dubu arba'in da huɗu matsuguni, aka kuma samu tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda ya miƙe daga kusa da Sabuwar Busa har zuwa Yelwa. Sauyin ya taɓa gonaki da gidaje da kaburburan kakanni, amma bai raba mutanen da jirgi ba. Har yau yaro a ƙauyukan bakin ruwa na Ngaski yakan iya riƙe filafili tun bai isa shiga makaranta ba, mata sukan tuƙa kansu zuwa kasuwa da kifi da itace, kuma ranar kasuwar Yauri ko ta Wara bakin ruwa kan cika da jirage manya da ƙanana, masu inji da marasa inji.

Daga wannan rayuwa bikin Rigata ya samo asali. Kamar yadda masarautar ke bayar da tarihinsa, mayaƙan Gungawa kan fita cikin jirage da makamai domin farautar dorina da sauran namun ruwa masu ɓarna, kuma wannan fita ta kasance horon yaƙi da gwajin jarumta a lokaci guda. Bayan Turawan mulkin mallaka sun hana farautar dorina, al'adar ta rikiɗe ta koma wasan nuna gwaninta da ake yi wa manyan baƙi da bukukuwan manya, kafin ta yi sanyi na tsawon shekaru. A zamanin Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1999, aka farfaɗo da ita tare da goyon bayan gwamnatin jiha, ta zama bikin da ake yi a Yelwa, inda ake ganin jirage da aka ƙawata, matuƙa sun jeru gefe da gefe, makaɗi na zaune a tsakiya yana ba su kiɗan da filafilai ke bi, jama'a kuma sun yi dafifi a kan gaɓa suna shewa. A arewacin jihar ma akwai makamancin haka, domin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, yana da ɓangaren Kabanci da ya ƙunshi tseren jirage da ninƙaya da nutso. Jiha guda ke nan mai manyan bukukuwan ruwa biyu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke da hanyar da za ta kai gwarzonsa gaban masu zaɓen 'yan wasan ƙasa.

Domin a fahimci girman tazarar, ya kamata a san yadda wasan yake a Olamfik, inda tseren jirage ya kasu gida biyu manya. Na farko shi ne wanda matuƙi ke zama ya juya wa inda za shi baya, filafilansa suna maƙale a jikin jirgin, kujerarsa tana zamewa gaba da baya domin ƙafafu su yi yawancin aikin. Wannan yana cikin gasar tun 1900, nisansa mita 2000 ne, kuma bai yi kama da tuƙin da aka sani a ƙasar Hausa ba. Na biyu shi ne wanda matuƙi ke fuskantar gaba da filafili a hannunsa, wanda ya shiga gasar a Berlin a 1936, shi ma kuma iri biyu ne. A kayak, wanda ake yi wa alama da harafin K, mutum na zaune ne da filafili mai baki biyu, yana sarrafa akalar jirgin da ƙafa. A kwale-kwale kuwa, mai alamar C, matuƙi yana durƙusawa a kan gwiwa ɗaya, ya kafa ɗaya ƙafar a gaba, ya riƙe filafili mai baki ɗaya, ya yi ta tuƙi ta gefe guda kawai. Jirgin ba shi da akala, saboda haka abin da ke hana shi karkacewa shi ne ɗan murɗa bakin filafilin da matuƙi ke yi a ƙarshen kowane ja, kafin ya zare shi daga ruwa. Duk wanda ya taɓa kallon masunci shi kaɗai a gindin jirginsa yana ratsa kogin Kwara a miƙe ba tare da ya sauya hannu ba, ya riga ya ga wannan dabara. Adadin da ke bin harafin yana nuna yawan mutanen da ke ciki, wato C1 mutum ɗaya, C2 mutum biyu, K4 mutum huɗu.

A Paris an yi waɗannan tsere a tafkin Vaires-sur-Marne, kuma sakamakonsu ya nuna inda ƙarfin yake. Lisa Carrington ta New Zealand ta ci zinare uku a kayak, wanda ya kai jimillar zinarenta takwas; Katie Vincent ta Kanada ta ci C1 na mita 200 cikin daƙiƙa 44.12, Xu Shixiao da Sun Mengya na Sin suka sake riƙe kambun C2 na mita 500, Martin Fuksa na Jamhuriyar Cek kuma ya ɗauki C1 na mita 1000. Najeriya ta samu wakilci a wannan fage ta hannun Ayomide Bello da Beauty Otuedo, waɗanda suka shiga C2 na mita 500, ko da yake ba su kai ga zagayen neman lamba ba. Kaiwa ga Paris ɗin kansa ba ƙaramin abu ba ne, domin Ayomide Bello ta ci zinare a gasar Afirka ta 2019 a Maroko, ta zama mace ta farko da ta tuƙa wa Najeriya kwale-kwale a Olamfik a Tokyo, a shekarar da aka fara bai wa mata damar shiga rukunin C, sannan ita da abokiyar tuƙinta suka samu gurbin Paris a gasar share fage ta Afirka da aka yi a tafkin Jabi na Abuja a ƙarshen 2023. Kafin su akwai Jonathan Akinyemi, wanda aka haifa a Ingila, da ya wakilci ƙasar a tseren ruwa mai ambaliya a 2012 da 2016, da Chierika Ukogu, haifaffiyar Amurka, da ta shiga tseren mita 2000 a Rio. Wannan jeri yana nuna abu ɗaya a fili: wakilan Najeriya a ruwa ko dai daga kudu suke fitowa ko daga 'ya'yanta mazauna ƙetare, kuma babban kogin da ya ratsa Kebbi da Neja bai ba da ko mutum ɗaya ba.

Kuskure ne a ɗauka cewa gwanin Rigata zai iya shiga jirgin tsere yau ya ci gobe. Jirgin C1 bai wuce mita 5.2 a tsawo ba, nauyinsa yana farawa daga kilo 14, an yi shi da zaren roba mai tauri, kuma siririntakarsa ta kai yadda wanda bai saba ba zai kife tun kafin ya yi ja na farko. Jirgin katako na masunta kuwa an sassaƙa shi ne domin ya ɗauki taru da kifi da buhunan albasa ya zauna daram a kan ruwa. Bambancinsu tamkar na dokin sukuwa ne da dokin kaya. Ban da haka, masunci ya saba da tuƙin yini guda a natse, yayin da tseren mita 200 ke buƙatar mutum ya juye dukkan ƙarfinsa cikin ƙasa da minti ɗaya, abin da ba ya samuwa sai da horon shekaru, da ɗaga ƙarfe, da abinci mai gina jiki, da agogon da ke auna kowane ci gaba. Jamhuriyar Nijar ta ga misalin haka a 2012, lokacin da Hamadou Djibo Issaka ya shiga tseren mita 2000 a Landan bayan horon watanni uku kacal. Ya zo na ƙarshe, 'yan kallo suka yi masa tafi saboda juriyarsa, amma tafin bai sauya abin da agogo ya nuna ba. Lambobin da Nijar ta samu, wato tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a takwando a 2016, sun zo ne ta hanyar dogon shiri.

Duk da haka, abin da ɗan bakin ruwa ke da shi shi ne ainihin abin da ya fi wuyar koyarwa, wato rashin tsoron ruwa, da daidaita jiki a kan abin da ke rawa, da sanin yadda filafili ke kama ruwa, da kafaɗun da suka ginu tun ƙuruciya. Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana ƙasar Brazil. Ubaitaba ƙaramin gari ne a jihar Bahia, a bakin kogin Contas, inda kwale-kwale ya kasance abin hawan yau da kullum na talakawa. A can aka haifi Isaquias Queiroz a 1994, a gidan da ba shi da wadata, har ya rasa ƙoda ɗaya sakamakon faɗowa daga bishiya yana ɗan shekara goma. Ya fara tuƙin tsere ne ta wani shirin gwamnati na wasannin yara, daga baya ya samu horo a hannun Jesús Morlán, ɗan ƙasar Sifaniya. A Rio a 2016 ya ci lambobi uku, azurfa biyu da tagulla ɗaya, a Tokyo ya ci zinaren C1 na mita 1000, a Paris kuma ya ƙara azurfa. Abokin tuƙinsa a Rio, Erlon de Souza, daga Ubatã yake, garin da ke maƙwabtaka da nasu a kan kogin guda. Abin da ya bambanta Ubaitaba da Yelwa ba yawan ruwa ba ne, kuma ba ƙarfin samari ba ne. A can an ajiye 'yan jiragen tsere a bakin kogi, an ɗauki mai horarwa, an buɗe hanyar da yaro zai bi daga gasar gari zuwa ta jiha zuwa ta ƙasa. A Afirka ma an ga cewa lambar ruwa ba ta gagara ba, domin Benjamin Boukpeti ya ciyo wa Togo tagulla a kayak a 2008, Bridgitte Hartley ta Afirka ta Kudu ta samu tagulla a 2012, kuma a shekarar ce Sizwe Ndlovu da abokansa uku suka ci zinare a tseren mita 2000.

Tafkin Kainji yana da nasa matsalolin da duk mai shiri na gaskiya zai yi la'akari da su. Ruwansa yana hawa da sauka da mitoci da yawa a shekara, gwargwadon zuwan farin ruwa na damina da baƙin ruwa da ke isowa daga tsaunukan Gini a lokacin sanyi, da kuma yadda ake sakin ruwa domin wutar lantarki. Akwai kututturan bishiyoyin da ruwa ya rufe tun 1968, akwai kainuwa da ke toshe mashigai, akwai iskar hunturu da guguwar farkon damina masu tayar da igiya a faffaɗan tsakiyar tafkin, akwai dorina, akwai kuma cutar tsargiya da ke kama masu yawan shiga ruwan da ke kwance. Filin tsere yana buƙatar miƙaƙƙen ruwa mai natsuwa na kilomita ɗaya ko biyu, mai zurfin aƙalla mita biyu, wanda aka raba layi-layi da igiyoyi masu balan-balan, kuma zaɓen irin wannan wuri aiki ne da masunta da sarakunan ruwa suka fi kowa saninsa. Rashin tsaro ma ya taɓa yankin, kamar yadda sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021 ya nuna, kuma babu mai horarwar da zai zauna inda ba a ba shi kariya ba.

Akwai dalilin da ya fi lambar yabo nauyi. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutane fiye da 150 daga Jihar Neja ya nutse a kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, akasarin waɗanda ke ciki suka rasu, da yawansu mata da yara. Wannan musiba ta tabbatar da cewa zama a bakin ruwa bai sa kowa ya iya ninƙaya ba, musamman 'yan kasuwa da fasinjoji da matan da ba su taso cikin sana'ar su ba. Ƙa'idar farko a kowace ƙungiyar tseren kwale-kwale ita ce ba a bai wa yaro jirgi sai ya iya ninƙaya, ya saba da rigar kariya, ya kuma koyi abin da zai yi idan jirgi ya kife. Cibiyar horo a Yauri za ta yaye ɗaruruwan matasa masu wannan ilimi ko da mutum ɗaya cikinsu bai taɓa taka filin Olamfik ba, kuma daga cikinsu za a samu masu ceto da matuƙan da ba za su yarda a yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA tana da ofishi a Yelwa, hukumar raya yankunan madatsun wuta ta HYPPADEC tana raba rigunan kariya a yankin, saboda haka haɗa aikinsu da na wasanni ba sabon gini ba ne daga tushe.

Batun 'yan mata yana buƙatar a yi masa kallon natsuwa, domin a rukunin mata ne Najeriya ta fi samun nasara a kwale-kwale, kuma a nan ne gasar Afirka ta fi sauƙin shiga. Dokokin wasan ba su tilasta wa mace tufafin da suka saɓa wa addini ko al'ada ba, ana yin tuƙi da doguwar riga mai hannu da wando da ɗankwali, kuma mata a ƙauyukan Gungawa da Kambari ba baƙin filafili ba ne. Abin da iyaye za su nema shi ne mata masu horarwa da kulawa ta amana, da tabbacin cewa wasan ba zai raba 'ya'yansu da makaranta ba, kuma wannan buƙata ce da ta dace a biya ta tun daga farko.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. An tsara gudanar da Olamfik ta matasa a Dakar daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba 2026, wadda ita ce ta farko a nahiyar Afirka. Babbar gasa ta gaba za a yi ta a Los Angeles a Yuli 2028, ta bayanta kuma a Brisbane a 2032. Shugabar Kwamitin Olamfik na Duniya tun 2025, Kirsty Coventry ta Zimbabwe, 'yar ninƙaya ce da ta ci lambobi bakwai, kuma ita ce mace ta farko, 'yar Afirka ta farko a wannan kujera. Kwamitin yana da asusun tallafa wa ƙasashe masu tasowa da horar da masu horarwa, wanda ake nema ta hannun Kwamitin Olamfik na Najeriya da Injiniya Habu Gumel ke shugabanta. Ba gaskiya ba ne a yi wa mutanen Yauri alkawarin 2028, domin ɗan wasan kwale-kwale yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya nuna. Yaran da ke da shekara goma sha biyu a yau su ne na Brisbane, idan an fara da su yanzu.

Matakin farko bai fi ƙarfin gwamnatin Kebbi da masarautar Yauri ba. A auna mita 200 da mita 500 a wurin da ake Rigata, a ware rukunin 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar da na 'yan ƙasa da sha takwas, maza da mata, a riƙa rubuta lokacin kowane matuƙi da agogo ana adanawa, a kuma gayyaci Hukumar Tseren Jirage ta Najeriya ta turo masu horarwa su zauna a bakin ruwa su kalla. Daga nan a sayi jiragen tsere ko da goma ne, a ajiye su a Yelwa da Wara a hannun makarantun da ke kusa da ruwa, a sa wa jihar burin tura tawagar kwale-kwale zuwa Bikin Wasanni na Ƙasa, inda jihohin kudu suka daɗe suna kwashe lambobin wannan fanni. Sarkin Yauri da sarakunan ruwa da 'yan majalisar yankin su ne ya kamata su kai wannan buƙata Birnin Kebbi da Abuja kafin Rigata mai zuwa.